Tambaya da Amsa: Ta yaya furosesa mai 5 GHz za ta fi mai 6 GHz?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina so in haɗa kwamfutar tebur da kaina, aikina tace bidiyo ne, da daddare kuma ina ɗan buga gem. Na ga an rubuta Intel Core i9-14900K tana kai 6.0 GHz, ita kuma AMD Ryzen 7 7800X3D 5.0 GHz ce kawai, amma abokaina sai yabon ta AMD ɗin suke ta yi. To ta yaya mai 5 za ta fi mai 6? Kuma wacce ce ba ta shan wuta sosai?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya wannan lambar ta GHz ta daɗe tana ruɗa mutane. Abin da take faɗa maka kawai shi ne sau nawa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke bugawa a daƙiƙa ɗaya, ba ta faɗa maka yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu. Tun a 2006 ma aka ga haka ƙarara, lokacin da furosesar Intel mai suna Core 2 Duo ta fito da GHz ƙasa da na tsohuwarsu Pentium 4 wadda ta kai har 3.8, amma ta wuce ta a aiki kuma ba ta zafi kamar ta. Don haka GHz sai dai ka gwada ta tsakanin furosesa biyu 'yan gida ɗaya, zamani ɗaya.

Toh su biyun da ka ambata, abokanka suna da gaskiya amma a gem kaɗai. 7800X3D tana da kor 8 ne, wato ƙananan injinan da ke raba aiki a cikinta, sai dai AMD ta ɗora mata ma'ajiyar kusa da ake kira kash har 96MB, kuma gem abin da yake so kenan, saboda bayanan da yake nema a kai a kai suna nan a gefenta ba sai ta je RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke nesa da ita, ta jira ba, kamar kafinta ne da kayan aikinsa ke kan benci maimakon ya riƙa zirga-zirga zuwa sito. Shi ya sa a gem da yawa take kamo 14900K ko ma ta wuce ta, alhali wutar da take sha a lokacin sau da yawa ko rabin ta Intel ɗin bai kai ba.

Amma fa tace bidiyo wani abu ne daban. 14900K tana da kor 24, guda 8 manya masu ƙarfi da 16 ƙanana, in ka danna fitar da bidiyo duk za su hau aikin tare, a nan kor 8 ba za su iya da ita ba wallahi. Matsalar ita ce kuɗin da za ka biya a wuta da zafi. A kwali za ka ga wat 125, amma Intel da kanta ta rubuta cewa tana kai wat 253 in aiki ya yi nauyi, kuma wannan zafin dole wani abu ya kwashe shi, kenan sai babban mai sanyaya na ruwa ko ƙaton fanka, ga ƙara a ɗaki. AMD ma ba ta tsira ba, Ryzen 9 7950X mai kor 16 an rubuta mata 170 amma tana jan har 230.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ɗan gudun ƙarshen nan shi ya fi cin wuta. Kafin furosesa ta ƙara GHz sai an ƙara mata bolteji, wato ƙarfin turin lantarki, wutar kuma ba daidai da boltejin take hawa ba, ninkinsa sau kansa take bi. Kaga in ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka rage mata iyakar wutar da za ta ja, misali ka sa 7950X a Eco Mode na wat 105, gudun da za ka rasa ɗan kaɗan ne amma zafi ya sauka sosai, fanka ta yi shiru. Ni a wajena wannan shi ne ainihin gwaji, aikin da aka gama a kan kowane wat, kuma ka tuna wadda ta ja wuta da yawa amma ta gama da wuri wani lokacin jimillar abin da ta sha bai wuce na mai jan ƙafa ba.

Shawarata, tunda bidiyo ne abincinka gem kuma na hutu ne, ka nemi mai kor da yawa kamar 7950X ka rage mata wuta, a gem ma ba za ta ba ka kunya ba don katin girafik, wato na'urar da ke zana hotunan da kake gani, shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. In kuma ka fi son 14900K, ka tabbata ka sabunta BIOS na madabod ɗinka, wato babban allon da ake dasa furosesa a kai, saboda a 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesocinta 'yan zamani na 13 da 14 (14900K 'yar zamani na 14 ce) suna samun matsalar bolteji mai yawa, ta fitar da gyara ta kuma ƙara garanti na shekara biyu. Kafin ka saya, ka nemi gwajin da aka yi da manhajar da kake tace bidiyo da ita, kar ka tsaya a makin manhajar gwajin furosesa ta Cinebench kaɗai.