Da gaske an samu maganin cutar mantuwa?

Tambaya: Likita don Allah, mahaifiyata ta kai shekara hudu tana fama da gigin tsufa, yanzu ko sunana ba ta iya tunawa. Na ji wai a Amurka an amince da wani magani da ke warkar da ita, gaskiya ne?

Amsa: Yar uwa Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri. Maganin da kika ji akwai shi, sunansa Leqembi, kamfanonin Eisai da Biogen ne suka hada shi, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi cikakkiyar amincewa a Yulin 2023, sannan Kisunla na kamfanin Eli Lilly ya biyo baya a 2024. Amma fa ba ya warkarwa.

Aikin Leqembi shine share wani furotin da ake kira amiloyid da ke taruwa a kwakwalwar mai cutar Alzheimer. An gwada shi a kan mutum 1,795 tsawon wata 18, wadanda suka samu maganin lalacewar tunaninsu ta rage gudu da kashi 27 cikin dari. Wato ciwon na ci gaba, sai dai tafiyarsa ta yi sanyi, abin da ya riga ya goge ba ya dawowa. Shi ya sa masu matakin farko kawai ake ba, irin wanda ke maimaita tambaya daya sau uku amma har yanzu yana gane iyalinsa yana wanka da kansa, kuma sai an tabbatar akwai amiloyid din, don ba duk mantuwa ce Alzheimer ba.

Ta jijiya ake fara sa shi kamar karin ruwa duk sati biyu, ga hoton kwakwalwa na MRI akai akai saboda yana iya kawo kumburi ko dan zubar jini a kwakwalwa, ga kudi, dala 26,500 a shekara aka sa masa da ya fito. Kafinsa ma an yi wani magani irinsa mai suna Aduhelm a 2021, FDA ta amince duk da kwamitin masananta bai goyi baya ba, har mutum uku daga cikin kwamitin suka ajiye aiki, a 2024 kamfanin Biogen ya dakatar da shi.

A yadda kika kwatanta, gaskiya Mama ta wuce matakin da zai amfane ta, kuma na san jin haka ba dadi. Ki kai ta wajen likitan kwakwalwa a duba ko donepezil ko memantine za su dace da ita, tsofaffin magunguna ne amma suna dan saukaka alamomin, a kuma duba bitamin B12 da sinadarin tayirod (wanda wata gaba a wuya ke samarwa) a jikinta, don karancinsu na kara rikita tunani.