Amsa ga Hajiya kan ciwon dunduniya da na'urar shokwef

Hajiya, kin ce wata huɗu ke nan dunduniyarki tana ciwo, musamman idan kika sauko daga gado da asuba, kina tambaya ko na'urar shokwef, mai aika bugun sauti cikin nama, za ta raba ki da shi. An yi mini wannan magani, shi ya sa na ga ya dace in sa baki.

Ni malamin makaranta ne a Jos, a tsaye nake wuni a kan siminti. Takun farko na zuwa alwala, a sanyin hunturun garin nan, ji nake kamar na taka ƙusa, sai na ɗan zagaya tsakar gida kafin ya lafa. Likita ya bayyana mini cewa akwai wata jijiya mai kauri shimfiɗe a tafin ƙafa, daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce take rauni idan nauyi ya yi mata yawa. Hoton ƙashi ya nuna ɗan tsiro a dunduniyata, hankalina ya tashi, amma ya ce mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai, kuma na'urar ba fasa shi take yi ba.

Sai da na haura wata takwas ina fama kafin na je wani asibitin gashin ƙashi a Abuja. Ƙanena ya ɗauka wutar lantarki za a jona mini, alhali bugun sauti ne mai ƙarfi da ake aikawa cikin nama domin ya zaburar da jiki ya gyara wurin da kansa. Asalinsa dabarar fasa tsakuwar ƙoda ce da aka fara a Jamus a 1980, kuma a 2000 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo. Sau huɗu aka yi mini, mako-mako, kowane zama bugu 2000 cikin kamar minti 10, bayan an shafa wani mai mai santsi. Akwai zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma ana iya daurewa, kuma da ƙafata nake fita. An hana ni shan ibuprofen da diclofenac a lokacin, sai farasitamol.

Wata guda bayan zaman ƙarshe ban ga wani canji ba, har na fara da-na-sanin kuɗin mota da na asibiti. Wajen mako na goma ne na lura ina isa masallaci ba tare da ɗingishi ba. Wata abokiyar aikina kuwa an yi mata, ba ta samu sauƙin kirki ba, kuma masu bincike ma ba su zama baki ɗaya a kan ƙarfin amfaninsa ba.

A ganina, Hajiya, kin yi wuri. Galibi sai an yi wata shida ana gwada hanyoyi masu sauƙi kafin a kai ga na'urar, domin mafi yawan masu ciwon suna warkewa cikin shekara ba tare da ita ba. Kafin ki sauko daga gado ki riƙa ja yatsunki sama da tawul, ki miƙar da sharaɓa kina dafe da bango, ki mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa da yamma, ki kuma bar silifa maras tudu da yawo ba takalmi a kan tayil. Idan lokacin ya yi, ki sanar da likita in kina da juna biyu, ko kina shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko kwanan nan aka yi miki allurar sitiroyid a dunduniyar. Allah ya ba ki lafiya.