Wai Littafin da Ba Shi da ISBN Ba Shi da Mai Shi?

Tambaya: Malam, na daɗe ina rubuta labarina ina sakinsa shafi-shafi a guruf ɗinmu na WhatsApp. Kwatsam sai na ji wani yana karanta shi a tasharsa ta YouTube, ko sunana bai ambata ba. Da na yi masa magana sai ya ce tunda littafin ba shi da lambar ISBN, ba ni da ta cewa. Hankalina a tashe yake. Shi ke nan wahalata ta tafi a banza?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Labarin naki ne, mutumin nan raina miki hankali kawai yake yi.

Wannan magana ta ISBN ta ishe ni, kullum sai na ji ta, har daga bakin waɗanda suka daɗe a harkar. ISBN lamba ce ta kasuwanci mai alƙaluma 13, Babban Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya, amfaninta dillalai da ɗakunan karatu su bambance wannan bugu da wancan. Ba ta mallaka wa kowa labari, ba ta ƙwace wa kowa. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, da zarar kin rubuta labarinki, a takarda ko a waya, haƙƙinki ya tabbata har ƙarshen rayuwarki, magadanki kuma su ci gaba da shi shekara 70 bayan rasuwarki. Ko rajistar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ke yi ba dole ba ce, ƙarin hujja ce kawai. Litattafan soyayya da yawa da aka sayar a kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarun 1990 ba su da wannan lamba, shin ba su da masu su ke nan? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu kiran kansu maɗaba'a, su karɓi kuɗin yarinya da sunan za su yi mata "rajista", su manna lambar kamfaninsu, gobe su ce littafin nasu ne. Wannan cin gumin mutane ne, su ji tsoron Allah.

Amma ki bincika saƙonninki. Sayar da haƙƙi dungurungum ba ya inganta sai a rubuce, izinin karantawa kuwa ko da baki yana ɗauruwa. In kin taɓa ce masa "ba komai, karanta", da shi zai kafa hujja.

In ba ki ba shi izini ba, kada ki goge komai a guruf ɗin. Ki ɗauki hoton shafukan da ranakun da kika sake su, ki adana ainihin rubutun, sannan ki cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na YouTube ki nemi a sauke bidiyon. In ya dawo yana neman sulhu, ku rubuta kuɗi da wa'adi, kowa ya sa hannu gaban shaidu.