Kafin ka biya kuɗin wani kwas, zo ka koyi firij

Ka tambaye ni, ɗana, wai da digirinka na kiwon lafiyar al'umma wane aiki za ka kama, kuma wane kwas za ka ƙara don ƙungiyoyin agaji su ɗauke ka. Duk yaran yanzu tambayarku ke nan. Idonku na kan farar mota da alawus ɗin bita a otal. Har yau ba wanda ya zo ya ce mini, "Baba, koya mini ajiyar allurar rigakafi."

To ita zan ce ka koya. Batun cewa firij ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba safe da yamma a rubuta, wannan ko mai gadin sito ya sani, ba zan ɓata bakina ba. Abin da ba ku sani ba shi ne sanyi ma yana kisa.

An taɓa turo mana wani yaro mai digiri, aka ɗora shi a kaina. Ranar rabon kaya zuwa ƙauyuka na tafi karɓo sirinji, na bar masa saƙo cewa ya fito da robobin ƙanƙara su huce, sai ya girgiza ya ji ruwa na motsi a ciki kafin ya jera su a akwatin sanyi. Ya ce ai tsohon yayi ne. Ya kwaso su daga firiza da taurinsu, ya manna kwalaben Penta, allurar nan mai rigakafin cututtuka biyar, a jikinsu ya rufe akwati. Maganin shan-inna na ɗigawa a baki bai damu da daskarewa ba, amma Penta da ta ciwon hanta da ta tetanus, da zarar sun daskare sun mutu, ko sun narke. Ita kuma alamar nan da ke jikin kwalba, mai canza launi in maganin ya lalace, zafi kaɗai take nunawa, don haka tana nan fara fat, yaro yana rantsuwa lafiya lau.

Da ragowar kwalaben suka dawo hankalina bai kwanta ba. Na ɗauki kwalba ɗaya daga rukunin na daskarar da ita da gangan, ta narke, na girgiza ta tare da nasa na ajiye a gaban haske. Tare suka kwanta, gari-gari a ƙasa, ruwa garau a sama, alamar nasa ma sun daskare ke nan. Duk kayan suka tafi shara. Wannan bai kai zafin komawa gida-gida ba, muna gaya wa iyaye a sake yi wa jariran da aka riga aka tsira wa allura. A wurin da muka sha wuya kafin mai unguwa da liman su shawo mana kan magidanta! Wasu ba su sake buɗe mana ƙofa ba. Takardar tuhuma kuwa ni aka ba, don sa hannuna ne a littafin sito, ƙarin girmana ya tsaya, shi aka yi masa canjin wuri zuwa birni. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, yaran nan na dinga tunawa, domin Penta ce ke kare yara daga shi.

Kwamfuta kam ka koya, ban hana ka ba. Wanda ya iya Excel da DHIS2, manhajar shigar da bayanan lafiya, da tattara bayanai a waya da manhajar Kobo ba ya rasa aiki, a gwamnati ko a ƙungiya. Amma wanda bai taɓa ɗaukar akwatin sanyi a bayan babur ba, in an kawo masa alƙaluman ƙarya ba zai gane ba, shigarwa kawai zai yi.

Gobe bayan asuba ka same ni a sito. Ka zo da biro, wayar nan kuma ta zauna a aljihu.