Me ya haɗa Bature da Balarabe a bakin Bahar Rum?

Tambaya: Malam, a aji malaminmu ya haɗa Italiya, Girka, Tunisiya da Masar wuri guda, ya ce duk mutanen Bahar Rum ne. Ta yaya, alhali nahiya ba ɗaya ba, addini ba ɗaya ba?
Ɗaliba, daga Samaru, Zariya

Amsa: 'Yata, malaminku bai yi kuskure ba. Ƙasashe sama da 20 ne suka kewaye wannan teku, kuma ƙofarsa ta yamma 'yar ƙarama ce: tsakanin Maroko da Sifaniya kilomita 14 ne kacal. Nan kwamandan Musulmi Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara a shekarar 711, shi ya sa dutsen wurin ya ci sunansa, Jabal Ɗariƙ, Turawa suka mayar da shi Jibralta. Tun kafin nan ma Rumawa sun mallaki gaɓar gaba ɗaya, har suna ce masa "tekunmu".

Abin da ya fi haɗa su shi ne yanayi. Mu nan ruwanmu da zafi yake zuwa, su kuwa lokacin sanyi ake musu ruwa, zafinsu busasshe ne. Saboda haka cimar ta zo ɗaya: alkama, zaitun da inabi. Manomin zaitun na Tunisiya zai fi gane hirar takwaransa na Girka fiye da ta manomin masara na Giwa. A garin Tirafani na tsibirin Sisili a Italiya har yau kuskus ake ci da kifi, don Musulmi sun mulki tsibirin sama da shekara 200.

Wanda ya fi burge ni shi ne tsibirin Malta. Kiristoci ne, amma harshensu daga Larabci ya fito. Ubangiji "Alla" suke ce masa, azuminsu na kafin Ista kuma "Randan". Ranar da na fara jin haka na daɗe ina juya shi a raina.

Sai dai kada ki ɗauka zaman lumana suka yi ta yi. An gwabza yaƙe-yaƙe, an kori Musulmi da Yahudawa daga Andalus, wato Sifaniya, bayan faɗuwar birnin Garnaɗa a 1492, Faransa ta danne Aljeriya daga 1830 zuwa 1962. Yau kuma yaranmu ne ke nutsewa tsakanin Libiya da tsibirin Lamfedusa na Italiya, abin da ke hana ni barci idan na tuna.

Mu ma ruwan ya taɓa mu ta hanyar fatake. Risalar da na karanta a zauren malamina cikin birnin Zazzau, mawallafinta mutumin Ƙairawan ne a Tunisiya. In kin samu tsohon littafin hannu a gidanku, ɗaga takardar ki duba ta a hasken rana. Idan kin ga alamar jinjirin wata uku, to galibi a Italiya aka yi ta, ta sauka Tarabulus ko Masar, raƙumi ya kawo mana.