Za ni Kanada kamun kifin maski, me zan fara saya?

Malam, shekara uku ke nan ina aiki a jihar Minesota ta Amurka. Abokan aikina sun gayyace ni mu tsallaka Kanada, tafkin Lake of the Woods, ranar da za a buɗe kamun wani kifi da suke kira maski. Ni iyakata fatsa a bakin kogin garinmu ina yaro. Na leƙa shagon kayan su, kuɗin sandar fatsa ɗaya ya kusa kayar da ni. Me zan saya, me zan bari?

Ɗan'uwa, mayar da walat aljihu tukuna, mu fara da takardu. Abokanka 'yan ƙasa ne, fasfo kawai za su miƙa a bodar Fort Frances ko ta Rainy River su wuce. Kai in kana da katin zama na dindindin a Amurka, haɗa shi da fasfonka, ba ka bukatar biza. In kuwa bizar aiki ko ta karatu gare ka, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Kanada, ita kuwa ba a fara nemanta ana saura sati biyu. Ka kuma tabbatar takardunka na dawowa Amurka lafiyarsu lau.

Sai lasisi. Na Minesota ba ya aiki a ruwan Ontariyo, lardin Kanada da za ku shiga, ko da tafkin ɗaya ne. Za ka sayi katin da suke kira Outdoors Card, mai shekara 3, ka ɗora masa lasisin baƙi na kwana 8, duka ta intanet. Lura da rana: a ɓangaren Ontariyo na wannan tafki, Asabar ta uku ga Yuni ake buɗe kamun maski.

Abin da za a faɗa maka tun wuri shi ne, ba za ka dawo da kifin miya ba. A can sai maski ya kai inci 54, wajen santimita 137, doka ta yarda a riƙe shi, kuma masu wannan sha'awa ko ya kai hoto suke ɗauka su sake shi. Na san Bahaushen da ya saba ganin giwan ruwa a kafaɗar masunta a Argungu zai ce wannan wahalar banza ce. Ana ma yi wa kifin kirari da cewa sai an jefa ƙugiya sau dubu goma.

Shi ya sa na ce kada ka sayi sanda a tafiyar farko. Duk wanda ya daɗe a harkar yana da biyu ko uku, ara. Kuɗinka su tafi kan dogon filaya, da abin datse ƙugiya mai ƙarfi, da rigar ruwan sama ta kirki, da rigar hana nutsewa daidai jikinka. Haƙoran maski kamar reza suke, ƙugiyoyin kuma masu baki uku ne. In kifin ya yi fizga hannunka na kusa, bakin ƙugiya ɗaya a leɓensa ɗaya a yatsanka, a tsakiyar tafki, abin datsewar nan ne kaɗai zai raba ku. Ka tambaya ko akwai babbar koma a jirgin. Kifin ƙarya biyu ko uku, matsakaita, sun ishe ka, ruwan bai gama ɗumi ba a lokacin. Ka ce su koya maka yadda ake zana lamba 8 da bakin sanda a gefen jirgi, don maski yakan biyo abin har gabanka, kana kallon idonsa, sai a nan ya cafka.

A boda, kada ku ɗauki ƙananan kifaye masu rai ko matsattsaku don ɗanawa a ƙugiya, an hana shiga da su Ontariyo. A zubar da ruwan jirgi, a cire masa ciyawa. Kilishin da aka aiko maka daga gida, cinye abinka kafin tafiya, kuma duk abincin da ke mota ka faɗa wa jami'in kwastan.

Ka sa maganin sauro a jaka, na Yuni a dajin can ba ya wasa. Ka sauke jadawalin salla kafin sabis ya ɗauke, don magariba takan wuce ƙarfe 9 na dare, asuba kuma ta zo tun ba ka gama juyi ba.