Tambaya da Amsa: Idan Na'urar Awon Fili Ta Daina Jin Uwarta

Wani mai awon filaye daga Tawa, mai aiki da na'urorin GPS biyu, uwa da ake kafawa wuri ɗaya tana aika saƙon gyaran ma'auni ta rediyo, da mai yawo da ake zagayawa da ita, ya rubuto cewa: "Malam, muna yanka fegi a bayan gari, kuma da na yi nisan kilomita 2 daga uwar na'ura sai saƙon gyara ya yanke wa mai yawo. Abokin aikina ya ce mu sayi rediyo mai wat 35. In saya?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan shawara ta ishe ni, domin duk wanda rediyonsa ya gaza sai ya ɗora laifin a kan ƙarancin wat, alhali ya kafa uwar na'ura a cikin kwari, ƙarƙashin bedi, don yaron da ke gadinta ya samu inuwar dafa shayi. Rediyon waɗannan na'urori yana aiki a zangon UHF, galibi tsakanin megahaz 410 da 470, kuma irin wannan saƙo a miƙe yake tafiya, tudun dutse na ƙasar Adar kuwa tare shi yake yi. Ka hau da uwar kan tudu, ka ɗaga eriya a doguwar sanda, ka ga ko rediyo mai wat 2 na cikinta bai kai ka inda kake so ba. Babban rediyo yana shanye batirin mota, yana ɗaukar zafi a ranar Afirilu, sannan idan aka kunna shi ba a ɗaura eriya ba, yana iya ƙonewa. Zangon ma ba na kowa ba ne, sai da izinin ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar. Kafin komai, ka tabbatar zango da faɗinsa, da tsarin sadarwa, ko TrimTalk ko SATEL, da saurin aikawa, ko 9600 ko 19200, duk ɗaya ne a na'urorin biyu. Ni a murfin akwati nake manna waɗannan lambobi, kuma ina so kowa ya yi haka.

Wata injiniya daga Yamai ta ce: "Na sa layin Airtel, rezo ya cika, amma na'urar ta ƙi shiga NTRIP."

Malama, NTRIP hanya ce ta karɓar saƙon gyara ta intanet maimakon rediyo, don haka ki cire lambar PIN ta layin a salula, ki rubuta APN, wato sunan hanyar intanet na kamfanin, ki duba ko akwai sauran data. Ƙofar shiga yawanci 2101 ce, sunan tashar gyara kuma ki zaɓo shi daga jeri, kada ki buga da hannu.

Wani ɗalibi ya tambaya ko zai iya ɗaukar turakun iyaka yayin da allo ke nuna Float, wato ma'aunin bai gama daidaita ba.

A'a, yaro, ka jira Fix, alamar cewa ma'aunin ya daidaita. Kuskuren Float yakan kai santimita gommai, kuma ranar da maƙwabta biyu suka tsaya a gaban alƙali kan katanga, sunanka ne a kan takardar, ba nawa ba.